Goyo Ɗaya a Gonar Baba

Duk wanda ya taɓa aiki a Sharaɗa ya san ni, in bai san sunana ba ya san hayaƙina. Ni ce Asabe mai masara, wadda ke zama a gindin katangar kamfanin robobi da ragar waya da mafici, kullum cikin faɗa da 'yan a-daidaita-sahu masu son tsayawa a kan gawayina. Tun ina budurwa nake wannan gashi, yanzu ga furfura har ta leƙo ta ƙasan ɗankwali. Amma bari in gaya muku gaskiya tun da wuri. Wannan farar masarar da ake sauke mana a buhu daga nesa, wadda ma'aikata ke rububinta in an tashi daga aiki, ni ban ɗauke ta masara ba. Cika ciki ce kawai. Masara ita ce Mai-lalle.

Mai-lalle irin gidanmu ce. Kakanmu ne ya bar wa Baba, shi ma a hannun nasa uban ya tarar da ita. Goyonta gajere ne, ba wani girman a-zo-a-gani, amma in ka ɓare sai ka ga ƙwaya ja jawur, a jere tsaf, kamar tafin amarya. In ta hau wuta kuwa, wayyo Allah, ƙamshin kaɗai yana tsayar da mai keke. Ba a samun irinta a kasuwa. Duk shekara Baba zai zaɓi manyan goyo, ya ɗaure su da ɓawonsu, ya rataya a saman murhu, hayaƙi ya yi ta dukansu har lokacin shuka ya zagayo.

A Challawa aka haife mu, ni da ƙanena Shu'aibu, lokacin Challawa tana Challawa. Yaran yanzu in na ba su labari sai su ɗauka tatsuniya nake yi musu. Daga bayan gidanmu har bakin kogi gona ce, babu katanga ko ɗaya. Ga ɗorawa, ga mangwaro, ga giginya, kana fita daga inuwar wannan kana shiga ta wancan. Da rani Baba yana ɗebo ruwa da jigo, mu kuma muna bin ruwan daga fangali zuwa fangali muna buɗe masa hanya da ƙafa, laka har gwiwa. Ko a tsakiyar bazara, da la'asar ta yi za ka ji wata iska mai sanyi-sanyi ta taso daga kogi, ganyen masara ya kama kaɗawa. Zafi akwai shi, ban ce babu ba, Kano ce fa. Amma zafi ne mai kunya, ya san lokacin zuwa, ya san lokacin tafiya.

Kuma akwai dokar gidanmu da ba a taɓa karyawa ba: goyon farko da ya nuna na maigida ne. Kafin Baba ya ci nasa, ko tsuntsu ka ga ya sauka sai ka kore shi, balle kai ka kai hannu. Ranar da za a karyo shi, Inna, Allah ya jiƙanta, za ta share tsakar gida, a shimfiɗa wa Baba buzu, ni in gasa, don tun ina ƙarama hannuna ya fi na kowa sanin wuta. Zai karɓa, ya yi bisimilla, ya ci a hankali muna zagaye da shi muna haɗiyar yawu, Shu'aibu har da ƙwalla. Sai ya cinye tas ya ajiye totuwar ya ce, "Allah ya maimaita mana," sannan mu kwasa a guje mu yi gona. Wallahi ko ranar salla ba ta kai wannan rana daɗi a wajena ba.

Daga baya kamfanoni suka zo. Ba rana ɗaya suka zo ba, a hankali suka riƙa cin gonakin, yau na wane gobe na wane. Da farko ma murna muka yi, samari sun samu aiki, ni na samu masu saye. Aka sare ɗorawa, aka sare giginya, aka zuba kwalta da siminti, aka kafa rufin kwano mai faɗin filin ƙwallo. Maƙwabtan da suka taɓa karɓar iri a wajen Baba duk suka ajiye fartanya, wasu suka zama masu gadi, wasu suka riga mu gidan gaskiya. Abin da ya rage mana wani ɗan siririn fili ne a bayan katangar wani kamfanin jimar fata. Da damina ba ya nomuwa, saboda wani ruwa mai launi da wari ke malalowa ya kwanta a ciki. Sai da rani, in ya bushe, a ja ruwan rijiya da inji. A nan Mai-lalle ta koma ta laɓe.

'Yan shekarun nan sai ta fara ba mu tsoro. Kara lafiya, ganye lafiya, amma in an ɓare goyo sai a ga giɓi-giɓi kamar bakin tsohuwa. Kowace shekara abin ratayawa yana raguwa. Na bara da aka gurje shi bai cika ƙaramar ƙwarya ba, kuma ita ke nan mana a duniya.

A bana ne kuma Baba ya kwanta. Ƙafa ta ƙi, ido ya yi hazo, sai baki, wannan kam yana nan da ƙarfinsa. Gona ta koma hannun Shu'aibu, wanda ke aikin inji a wani kamfanin taliya, in ya taso ya wuce can da rigar aikinsa a jiki. Tun sanyi bai kankama ba ya zo ya durƙusa a gaban Baba.

"Baba, ni dai a ganina a shuka da wuri bana. Tun yanzu. Don ta yi goyo kafin zafi ya sauko."

"Cikin sanyin nan?" in ji Baba. "Ta daƙile ta zauna kamar albasa? Kai da inji ka sani, Shu'aibu. Je ka duba mangwaron tsakar gida. Ya zubar da fure?"

"Ko fara furen bai yi ba."

"To ka jira shi. Sai ya zubar da fure ya fara ƙulla 'ya'ya ake shuka Mai-lalle. Haka na tarar, haka ubana ya tarar."

"Baba, zafin da kuka sani ba shi ne na yanzu ba."

Nan fa na saka baki, don ni ba a yin magana a gabana in yi shiru. Na ce, "Kai Shu'aibu, yaushe aka haife ka? Mutumin da ya noma ta tun ba ka san hannun damanka ba shi za ka koya wa lokaci?" Ya kalle ni, ya kalli Baba. Da ya ce to a raba irin biyu, a shuka rabi a ajiye rabi, Baba ya ce rabin me? Ɗan abin da bai cika ƙwarya ba? Ai masara ba ta son kaɗaici, in ba ta da 'yan uwa a gefe da gefe ba ta cika. Wannan kuma ko Shu'aibu ya san gaskiya ne. Mangwaro ya zubar da fure, aka shuka duka.

Tabɗi! Ku zo ku ga masara. Ban taɓa ganin ta yi kyau irin na bana ba. Kara kamar rake, ganye kore shar, tsayi ya wuce kan Shu'aibu. Masu gadin kamfanin suna leƙowa ta saman katanga suna cewa masha Allah. Ni kuwa kullum in na taso daga Sharaɗa sai na tsokane shi: "Malam mai ilimin zafi, ina labari?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Yaya, Allah ya sa ke ce da gaskiya."

Tana fara fitar da kai, bazara ta faɗo mana kamar an buɗe ƙofar gidan burodi. Ni da nake zama a gaban gawayi tun safe ba na raki da zafi, amma na bana ya sa na yi salati. Kwalta tana kama takalmi. Ruwan randa kamar an ɗora a wuta. Can gonar kuwa abin ya fi muni, don katanga ta tare ta gabas da yamma, tana shan rana tana amayo ta, rufin kwano yana haske ido, ga wani ƙaton janareta a bayan katangar yana huro iska mai zafi ba dare ba rana. Iskar kogin nan ta la'asar ko labarinta babu, ta ina za ta shigo? Shu'aibu ya duƙufa ban ruwa ba ji ba gani. Ganye ya tsaya kore, mu kuma muka saki jiki, tunda a saninmu masarar da ta sha ruwa ba ta da sauran kuka.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Da, in masara ta fitar da kai, muka shiga cikinta da safe, sai mu fito kanmu da kafaɗunmu sun yi ɗorawa-ɗorawa da bununi, wannan garin da ke zubowa daga furen sama. Inna ta yi ta faɗa a kan wanki. Baba kuwa yakan kama gemun goyo ya nuna mana ya ce, "Kun ga zaren nan? Kowane zare ƙwaya ɗaya ce. In bununi ya sauka a kansa ta samu, in bai sauka ba ta rasa." Bana na shiga na ratsa gonar daga farko har ƙarshe, na fito na kakkaɓe mayafina, babu komai. Na taɓa gemun, sai na ji shi ƙamas, yana karyewa a hannu.

Goyo dai ya fito, ya yi ɓawo, daga nesa gwanin sha'awa. Da lokacin cika ya yi Shu'aibu ya matsa ɗaya, sai ya ji yatsa ya nutse. Ya matsa na biyu, haka. Sai ya je ya ɗauko Malam Aminu, malamin gona da ke zagaya masu noman rani a yankinmu. Na same su a can. Malam Aminu ya ɓare goyo a gabana, sai ga totuwa fara fat, tsirara, babu ƙwaya ko ta rantsuwa.

Na ce, "Malam, tsutsa ce? Ko ruwan kamfanin nan ne? Ko baki ne ya kama ta? Don an yaba ta da yawa."

Ya girgiza kai. "Hajiya, zafi ne. Ruwa yana ceton ganye, amma bununi abu ne mai rai, kuma ba shi da ƙwari. In zafi ya kai irin na bana, tun yana sama yake mutuwa. Wanda ya tsira ya sauko, sai ya tarar gemun ya bushe, ba inda zai kama. 'Yan kwanakin furen nan su ne duka, in suka faɗa cikin tsananin zafi, shi ke nan, sai kara."

"To yanzu me za a zuba mata?"

"Babu. Lokacin ya wuce."

Innalillahi. Na zauna a kan kunyar gona. Shu'aibu bai ce mini "ai na faɗa" ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Muka tashi muka bi karan ɗaya bayan ɗaya muna matsawa. Wani babu komai, wani 'yan ƙwayoyi tsotsattsu da Malam Aminu ya ce ko an shuka ba za su tsiro ba. Sai can ƙarshen filin, a kusurwa, inda wata darbejiya da magina suka manta ba su sare ba take jefa inuwa da rana tsaka, Shu'aibu ya matsa wani goyo ya tsaya cak. Ya ɗan zame ɓawon ta sama. Ja jawur, a jere, cike har baki.

Guda ɗaya tak a duk gonar.

Shu'aibu ya mayar da ɓawon ya rufe kamar mai rufe jariri, ya yagi gefen rigarsa ya ɗaure karan. Ya ce, "Wannan ba mai taɓa shi. A nan zai bushe. Badi in Allah ya kai mu cikin sanyi zan shuka, ko me za a ce." Na ce to. Me zan ce?

Ba mu gaya wa Baba ba. Jikinsa ya riga ya yi nisa, abinci ma sai an yi da gaske yake karɓar cokali biyu na kunu ya kau da kai. Amma lissafin gonarsa yana nan daram a kansa. Kullum na shiga gaishe shi sai ya ce, "Asabe, Mai-lalle ba ta nuna ba?"

"Saura kaɗan, Baba."

"Kaɗan ɗin nan ya yi yawa. Ai yanzu ya ci a ce an karyo na farko. Ko kun ci ne ba ku kawo mini ba?"

"Haba Baba, wa ya isa?"

"Ni ba na sha'awar komai sai ita. Bakina ita yake nema."

Ku gaya mini, ya zan yi da wannan magana? In fito daga ɗakinsa in hau a-daidaita-sahu in tafi Sharaɗa, in wuni ina gasa wa 'ya'yan wasu masara, ina juyawa ina fifita, ubana yana kwance yana roƙon guda ɗaya. Na gwada kai masa farar ta buhu, na zaɓi mai taushi na gasa da kyau. Ko bakinsa bai kai ba, hancinsa kawai ya kai ya ture. Ya ce, "Ni za ki yi wa wayo? Idona ne ya tafi, ba hancina ba."

Na tare Shu'aibu a zaure na ce masa a karyo goyon nan.

"Yaya, kin san me kike cewa kuwa? In aka karye shi ɗanye ba zai yi iri ba. Mai-lalle ta ƙare ke nan har abada."

"Na sani."

"Ki bari ya bushe mana. Badi sai ya ci goma in yana so."

"Badi? Shu'aibu, kalle ni. Ka shiga ɗakin nan yau? Ka ga wuyan hannunsa? Wace badi?"

Ya juya mini baya. Ya ce, "Shi da kansa in ya san gaskiya ba zai yarda ba. Gara ya haƙura da a ce a hannunsa irin ubansa ya mutu."

"To shiga ka gaya masa. Ka ce masa lokacin da ya zaɓa ne ya kashe ta. Shiga mana, ga ƙofa nan!"

Bai shiga ba, ni ma ban shiga ba. Ya ɗauki hularsa ya tafi aiki, muka kwana biyu ba ma ga-maciji. Ni kuma na san goyo ba ya jira, yana ƙara kwana yana ƙara tauri, nan da kaɗan haƙoran Baba ba za su iya da shi ba.

Ranar Juma'a da hantsi na shiga na tarar ko kunun bai taɓa ba. Ya ji motsina ya ce, "Asabe ce?" Na ce ni ce. Na jira ya yi tambayar tasa ta kullum, sai bai yi ba. Ya yi shiru yana kallon rufin ɗaki. Wannan shirun ne ya tayar da ni. Ban je Sharaɗa ba, na ja mayafi na nufi bayan katanga, rana tana dukana, janareta yana ruri. Na ratsa karan nan masu kyan banza har gindin darbejiya. Tsumman rigar Shu'aibu yana nan a ɗaure. Na daɗe a tsaye, na tuna kakanmu da ban taɓa gani ba, na tuna Inna da tsintsiyarta. Sannan na yi bisimilla na karye shi, ƙarar ta yi mini kamar a ƙirjina.

Na share tsakar gida. Na hura gawayi, na jira ya yi ja babu hayaƙi, na ɗora. Ban taɓa gashi da hankali irin na ranar ba, ina juyawa hawaye na ɗiga a kan ragar yana cewa cus. Ƙamshin ya tashi ya cika gidan, har matar maƙwabcinmu ta leƙo ta katanga ta ce, "Ikon Allah, yau wace rana?" Daga cikin ɗaki na ji muryar Baba, da wani ƙarfi da na kwana biyu ban ji ba: "Asabe! Ita ce?"

"Ita ce, Baba."

"A shimfiɗa mini buzu."

Ina ƙoƙarin tayar da shi zaune sai ga sallamar Shu'aibu, ya dawo shirin masallaci. Tun daga zaure ƙamshin ya gaya masa komai. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya kalli abin da ke cikin faranti, ya kalle ni. Ban sunkuyar da kai ba, na zuba masa ido ina jiran duk abin da zai faɗa. Ya cire takalmi ya shigo, ya zauna a bayan Baba ya tallafe shi da ƙirjinsa.

Baba ya karɓi goyon da hannu biyu. Ya bi shi da yatsa daga gindi har baki yana shafa ƙwayoyin, ya yi dariya. "Kun gani? Babu giɓi ko ɗaya. Wa ya ce a shuka cikin sanyi?"

"Ni ne, Baba," in ji Shu'aibu.

Ya yi bisimilla ya kai baki. A hankali yake ci, layi-layi, yana hutawa, yana lumshe ido. Mutumin da cokali biyu ke gagara, sai ga shi ya cinye tas, har yana tsotsar totuwar. Ya ajiye ta a kan buzu ya ce, "Alhamdulillahi. Allah ya maimaita mana."

Ya ɗan juya kai wajen Shu'aibu. "To, na sake ku, ku je ku ci. Amma kada Asabe ta kwashe ta kai Sharaɗa duka, na san halinta. A ware manya-manyan don iri, a rataya a saman murhu. Ka ji ko?"

Shu'aibu ya gyara wa Baba hular da ta karkace, ya share masa baki da gefen hannun rigarsa.

"Na ji, Baba," ya ce. "An riga an ware."